Tsakanin igiyar takalmi da ƙofar masallaci

Na san akwai waɗanda za su buɗe wannan shafi suna jiran maganar farashin buhun hatsi ko ta ƙarin girma a ma'aikata. To su yi mini haƙuri, yau ƙasa za mu duba, can wajen ƙafa.

Duk wanda ke da ɗan lokaci ranar Juma'a mai zuwa, ya dakata a ƙofar masallacin unguwarsu kafin ya shiga, ya ƙare wa takalman da aka tuɓe kallo. Zai ga buɗaɗɗun takalman fata na dattawa, da silifa na roba, da sau-ciki na ma'aikata. Sa'an nan zai ga takalman basket, waɗanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kambas, sababbi da na bosho, na yara da na manya. In ya lura da kyau zai ga da yawansu an take musu dunduniya har ta kwanta, an mai da su tamkar silifa. Takalmin da mutum ya zuba jikkuna ya saya, ga shi cikin ƴan watanni ya koma abin shiga bayan gida. Ba rashin sanin darajar kuɗi ke kawo haka ba, igiya ce.

Wanda ya ƙera takalmin basket ya ƙera shi ne da tunanin mutumin da zai ɗaura da safe, ba zai kwance ba sai dare. Mu kuwa ba haka rayuwarmu take ba. Muna tuɓewa don alwala, mu mayar, mu taka zuwa masallaci mu sake tuɓewa. Muna tuɓewa a ƙofar ɗaki, da bakin tabarma, da gaban surukai, da wajen suna, da zaman makoki. Ɗan kasuwa a rumfarsa bisa darduma yake zaune, amma kowace sa'a sai ya tashi, ko don duba kaya a sito ko don raka baƙo. Ma'aikaci kuma azahar da la'asar suna iske shi a buro. Na zauna na yi lissafi da kaina: in mutum ya tuɓe ya mayar sau 10 a rana, kowane karo rabin minti, ya ɓad da minti 5 ke nan, a shekara ya kama minti 1.825, wato awa 30 da ɗoriya, yana sunkuye bisa igiya. Ba wanda ke yarda ya biya wannan haraji. Sai a ɗaure igiyar sau ɗaya sako-sako, a riƙa cusa ƙafa da ƙarfi, ranar da aka ƙosa a take bayan takalmin a wuce.

Abin da ake takewa ɗin nan kuwa ba ado ba ne. Cikin bayan kowane takalmin basket akwai wani abu mai tauri da aka naɗe da ƙyalle, wanda da Faransanci ake kira contrefort. Aikinsa riƙe dunduniya kada ta karkace hagu ko dama sa'ad da mutum ya taka. Da zarar ya karye ba ya komawa daidai, ko da an miƙe shi da hannu. Daga nan ƙafa sai ta riƙa yawo cikin takalmi, ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, yatsu kuma su riƙa ƙanƙamewa don kada ya fita. Matashi bai cika jin wannan a jikinsa ba. Tsoho kuwa tuntuɓe ɗaya na iya kwantar da shi watanni.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne kawuna, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya a Maraɗi. Bara ciwon hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki na hagu. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, ƙafa ta dawo, hannun ne ya rage ba ƙarfi. Likita ya ce ya riƙa tafiya kowace safiya, kuma ya bar silifa, ya nemi takalmin da ke riƙe ƙafa. Muka haɗa kuɗi muka sayo masa basket mai kyau. Bayan wata guda na je gaishe shi, sai na iske takalmin cikin kwalinsa ƙarƙashin gado, ko ƙura bai taka ba.

Na ce, "Kawu, ko bai yi muku daidai ba ne? A canza shi."

Ya ce, "Daidai yake, ɗana. Amma ni da na koya wa yaran mutane karatu shekara da shekaru, yau in zauna ina jiran jikana ya tashi daga barci ya ɗaura mini takalmi? In je masallaci kuma in nemi wanda zai durƙusa gabana? A bar shi nan."

Ban sami abin da zan ce ba. Igiya na da wuyar ɗauri da hannu ɗaya, kowa na iya gwadawa yanzu ya gani. Tun daga ranar na shiga bin diddigin ƴan abubuwan nan da ake sa wa takalmi a madadin ɗauri, na sayi wasu, wasu kuma wani abokina ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ya kawo mini, na gwada su a ƙafata kafin in kai wa tsoho.

Wadda ta fi gamsar da ni ita ce igiyar roba mai zagaye, mai kama da lastik da aka saƙa wa riga da zare. Ana zura ta cikin hujojin takalmi kamar kowace igiya, sai dai maimakon ƙulli, bakunanta biyu suna bi ta cikin wani ɗan maɓalli mai dannawa, irin wanda ke bakin jakar goyo ta ƴan makaranta. In ka danna ka ja, ta matse. In ka saki, ta tsaya nan. Sa'ad da za ka sa ƙafa robar ta miƙe ta ba ka hanya, ƙafa na shiga ta koma ta riƙe. Masu gasar nan da ke haɗa iyo da tseren keke da gudu, wadda ta shiga wasannin Olimpik a Sidni a 2000, suna cikin waɗanda suka yaɗa ta, domin wanda ya sauko daga keke ba ya da daƙiƙar da zai ɓatar wajen ɗauri. Babban amfaninta shi ne ana iya ƙara ta ko a rage. Ƙafar ɗan Adam ba ta yini da girma ɗaya, da marece ta fi kumbura, balle a zafin watan Afrilu, balle ga mai ciwon sukari ko mace mai ciki. Aibinta ɗaya: ragowar igiyar na lilo bisa takalmi, kuma a idona ba ta dace da babbar riga ba. Ana iya soke ta ƙarƙashin layin ƙasa ta ɓuya.

Akwai kuma ƴan gajerun maɗaurai na roba mai taushi, kowane ɗaya yana haɗa huji biyu masu fuskantar juna, takalmi ya fito da layuka kamar tsani. Wanda ya yi suna a wannan fanni shi ne Hickies, da wasu ma'aurata ƴan ƙasar Arjantina suka fito da shi a Amurka a 2012, amma abin da ke isowa kasuwanninmu yawanci kwaikwayo ne daga Sin. Samari na son su saboda launi da tsabta, ba sa shan ƙura kamar zare, ruwa kaɗan ya wanke su. Ni dai ban ji daɗinsu ba. Mai tudun ƙafa kamar tawa suna matse shi a sama, ba kuma yadda za a sassauta sai a cire ɗaya ko a canza tsarin. Masu araha a ciki kuwa ba su jure ranarmu: ka bar takalmi a ƙofar ɗaki sati biyu, robar ta bushe, ka ja ta tsinke. Araha ba ta ado.

Na uku ya fi ban sha'awa a ido, wato maganaɗisu. Ƙarafa biyu ne, ana ɗaure kowane a gefe ɗaya na hujojin sama da igiyar takalmin ta asali. In ka kusantar da su, sai su manne da ƙara, ƙas! In za ka tuɓe, ka taka bayan takalmin da ɗayar ƙafa ka ɗaga dunduniya, su rabu. Wani kamfani mai suna Zubits ya shahara da su. Bakin takalmi yana buɗewa sosai, abin da ke taimakon wanda ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa. To amma suna da tsada, kuma maganaɗisu ba ya ganin ɓurɓushin ƙarfe ya ƙyale. Wanda ke wucewa ta wajen maƙera ko masu walda zai iske fuskar ƙarfen ta kwashi ƙura, kuma in ƙasa ta shiga tsakani riƙon ya ragu. A ƙasar da iskar hunturu ke cika mana har kwanon tuwo da rairayi, wannan aikin shara ne na kullum.

Sauran dabaru ƙanana ne. Akwai igiyar roba mai faɗi da ake haɗe bakunanta da ɗan ƙarfe mai murɗawa, wadda daga nesa ba a bambanta ta da igiyar gaske, ita ce ta fi dacewa da ma'aikacin da ba ya son a ce ya sa kayan yara. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko dala: a ƙulle bakin kowace igiya daga cikin huji na sama, a yanke saura. Na ga ƴan lise da yawa suna haka. Sai dai igiyar zare ba ta miƙewa, saboda haka in takalmin ya buɗe har ƙafa ta shiga, haka zai zauna a buɗe duk yini. An huta da ɗauri, ba a sami riƙo ba.

Ko wace iri mutum ya zaɓa, wajen sawa ne ake yin kuskure. A sa ta ƙafa na cikin takalmi, da safar da aka saba sawa, kuma da marece. Wanda ya ja roba a takalmin da ba ƙafa ciki zai matse shi fiye da kima, don hannu ba ya jin abin da ƙafa za ta ji. Kada a yi gaggawar yanke ragowar, a yi yawo da ita kwana biyu tukuna, domin abin da almakashi ya cire ba ya dawowa. In an yanke, a bar tsawon yatsa, a ɗan ƙona bakin da ashana kada saƙar ta warware. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ka tsaya bisa yatsu, in dunduniya ta fito daga takalmi ya yi sako-sako, in ka tuɓe da dare ka ga shaidar layuka bisa ƙafa, ya yi tsanani. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne ga mai ciwon sukari, wanda sau da yawa jin ƙafarsa ya ragu, takalmi na iya ji masa ciwo bai sani ba sai gyambo ya buɗe. Irin wannan mutum ya riƙa duba ƙafarsa da ido kowane dare, kuma ya nuna wa likitansa takalmin.

Akwai wuraren da ba zan ba kowa shawarar roba ba. Mai buga ƙwallo, da magini a saman gini, da ɗan dako mai hawa bayan babbar mota da buhu a ka, duk suna bukatar takalmin da ba ya ba da kai in ƙafa ta juya ba zato. Roba kuwa ba da kai ne sana'arta. Ɗan kabu-kabu shi yana tsaka-tsaki: doguwar igiya mai lilo na iya sarƙewa da ƙarfen canza giya, mutum ya zo tsayawa ya kasa sauke ƙafa, don haka rabuwa da ita alheri ne gare shi, muddin ya matse robar sosai.

Wanda ya ce shi dai igiyarsa ta gado zai riƙe, ina da labari gare shi. A 2017 wasu masu bincike a jami'ar Kalifoniya ta Bakli, a Amurka, sun ɗauki hoton ƙafar mai gudu da na'ura mai rage saurin hoto, don su gano abin da ke kwance igiya. Suka iske abu biyu ne ke haɗuwa. Dukan ƙasa da ƙafa ke yi, wanda ya kai ninki 7 na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, yana girgiza ƙullin ya sassauta shi, wurgin ƙafa gaba kuma yana fizgar bakunan igiyar kamar da hannu. Ƙulli na iya daɗewa lafiya, sa'an nan ya warware cikin taki kaɗan. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne ƙullin iri biyu ne, kuma da yawanmu mai raunin muka koya. Faransawa na kiran mai ƙarfin nœud plat, mai raunin kuwa nœud de vache, wato ƙullin saniya. Dubi takalminka yanzu. In kunnuwan ƙullin sun kwanta a gicciye, ɗaya hagu ɗaya dama, naka mai ƙarfi ne. In sun karkace suna duban yatsu da ƙwauri, na saniya ne. Gyaran kuwa bai wuce a juya gicciyawar farko ba: in ka saba ɗora ta dama bisa ta hagu, ka ɗora ta hagu bisa ta dama, sauran ka yi yadda ka saba. Ni kaina sai da na haura shekara 30 na gane ƙullin saniya nake yi tun ina lakwal, ina zargin igiya. Ba ni kaɗai ba ne igiya ta taɓa kunyatawa: Usain Bolt na Jamaika ya ci tseren mita 100 a Pekin a 2008 cikin daƙiƙa 9,69, igiyar takalminsa a kwance. Shi dai ya tsira ne don tseren gajere ne.

Wasu iyaye sun ce mini in aka sa wa yara roba ba za su koyi ɗauri ba. Da gaskiyarsu. Yaro mai lafiyar hannu a koya masa ƙulli, zai bukace shi wajen ɗaure akuya da bakin buhu ko da bai sa basket ba. In ya iya, a bar shi ya huta.

Manyan kamfanoni sun daɗe suna kokawa da wannan matsala. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, George de Mestral, ya dawo daga daji a 1941 ya iske ƴaƴan wata ciyawa sun manne wa wandonsa da gashin karensa. Ya duba su da madubin ƙara girma, ya ga ƴan ƙugiyoyi ne, daga nan ya ƙirƙiro Velcro, maɗaurin nan mai ƙara in an ɓalle, wanda ke takalman ƴaƴanmu. In na tuna shekarun da muka yi muna cire ƙarangiya daga wando muna tsaki, sai in ce da ma wani cikinmu ya tsaya ya duba. A 2012 kuma wani saurayi Ba'amurke mai shekara 16, Matthew Walzer, wanda aka haifa da lalurar da ta hana hannuwansa ɗauri, ya rubuta wa kamfanin Nike wasiƙa cewa yana son ya tafi jami'a ba tare da ya nemi mai ɗaura masa takalmi ba. A 2015 suka fito da FlyEase, mai zif da ke zagaye dunduniya. Da na karanta labarinsa sai na ji muryar kawuna. Sai dai irin waɗannan takalma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai fansho, alhali igiyar roba ana sa ta ga takalmin da ke hannu.

Nan ne nake son ƴan kasuwarmu su saurara. Na zagaya wajen masu takalma a babbar kasuwar Maraɗi da Kasuwar Dole ta Damagaram, na iske basket tuli, amma da wuya mai rumfa ya fito maka da igiyar roba. Abu ne marar nauyi, jaka ɗaya ta ɗauki ɗaruruwa, irin kayan da kasuwar Yiwu ta ƙasar Sin ta shahara da su. Mai sayar da basket da zai ce wa mai saye, "Alhaji, in sa maka mai roba ko in bar ta zare?" ya ƙara riba, ya kuma ƙara wa hajarsa kwana. Amma a zaɓo mai kyau, a ja ta a gani ko tana komawa daidai, a kuma ajiye ta a inuwa, don robar da ta yi wata uku rataye a rana ta mutu tun kafin a saye ta.

Ba ma dole sai an jira jirgin ruwa ba. Masu gyaran takalma na bakin hanya suna iya wannan aiki da lastik mai zagaye na wajen teloli da maɓallin tsohuwar jaka. Dukawanmu kuma, waɗanda ke aiki da fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta san ingancinta, me zai hana su ɗinka ɗan marufin fata mai kyau da zai ɓoye maɓallin, har mai babbar riga ya sa ba kunya? Haka cokalin sa takalmi, wanda shi ne babban mai ceton dunduniya: Turawa da ƙaho suka riƙa yin nasu, mu kuwa ƙahoni na zube bayan kowace mahauta.

Wajen kawu, ƙarshenta abu uku na haɗa. Na sa masa igiyar roba mai maɓalli, na tsallake hujin sama don bakin ya ƙara faɗi. Na kai wa wani baduku ya ɗinka ɗan madauki na fata a bayan kowane takalmi, inda yatsa ɗaya zai shiga ya ja. Na kuma sa aka sassaƙa masa dogon cokali na itace, tsawon kamu ɗaya, don kada ya sunkuya. Ranar farko ya yi ta fama, harshen takalmin na naɗewa ciki, sai da muka zura robar ta cikin ɗan madaukin da ke tsakiyar harshen ta riƙe shi. Rana ta uku ya sa da kansa ina tsaye ina kallo, bai ce mini komi ba, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da na koma watan jiya, na iske takalmin a ƙofar zaure ya yi ja da ƙasa, dunduniyarsa tsaye. Na tambaye shi ko akwai abin gyara.

Ya ce, "Abu ɗaya. Da can ɓarawon takalmi a masallaci sai ya tsaya kwance igiya. Yanzu ka sauƙaƙa masa aiki. Ka samo mini ƴar jakar da zan riƙa shiga da shi."

Jakar na nan na saya, ranar Asabar zan ba direban da ke zuwa Maraɗi ya kai masa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.